Babbar Rigar Alhaji a Ɗakin Sha'ir

Rafi'atu ta baro Kano zuwa New York don yin digirin dakta a kan tsatsar sha'ir, cutar nan da ke mayar da ganye ja kamar tsohon kwanon rufi. Tsatsar ba iri ɗaya ba ce. Wata takan taɓa ganye ta bar shi da ransa, wata kuwa kafin mako ya zagayo ta cinye shuka ƙurmus. A gidan gilashin da ake rainon shuka a jami'arsu a Bronx sai ta raba su ɗaki biyu, mai sauƙi daban, muguwar daban. Ba a fita daga wannan a shiga wancan sai an sake riga an wanke hannu, don ƙurar cutar ko a gira maƙalewa take. Wannan ce shukarta ta ƙarshe, tallafin karatunta daga bana ya ƙare.

Ana nan sai surukinta Alhaji ya zo ganin likitan ido, ya sauka gidansu a Tremont. Tsohon manomin alkama ne a Kadawa. Mijinta Tamimu kuwa, mutum ne da bakinsa ba ya gajiya da "matata dakta". Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko waya bai yi ba, sai ga shi da tsohon a bakin ƙofar gidan gilashin, tsohon cikin babbar rigar shadda sai ƙamshin turare take.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ja Tamimu gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Don Allah ka ce masa ya cire rigar. Ga ta aiki can a rataye."

"Baba zan ce wa ya tuɓe? Ke ki faɗa masa mana."

Ya san sarai ba za ta iya ba. Matar da ko sunan mutumin ba ta kamawa, ko abinci ba ta ci a gabansa, ita ce za ta ce ya tuɓe riga?

Alhaji ya fara da ɗakin muguwar. Ya murza ganye da yatsu, ya shinshina, ya girgiza kai, hannun riga yana share tiren shuka ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya tura ƙofa ta biyu. Rafi'atu tana biye da shi, kanta a ƙasa, tana ji kamar ta fasa ihu. Ya shafa kowace shuka yana sa albarka.

"Waɗannan kam sun fi lafiya, 'yata. Allah ya tsare su."

"Amin, Baba."

Ba a jima ba ɗakunan biyu suka zama ɗaya, ja wur, ba mai iya cewa ga mai sauƙi ga muguwa. Farfesarta ta tambayi wanda ya shiga. Da ta ji, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce babu sauran abin aunawa. Tamimu ya ce haƙuri za a yi, ai Baba bai sani ba. Har yau wannan haƙurin ya fi cutar yi mata ɗaci.

Ranar da take cusa shukar cikin buhunan da za a ƙone, Alhaji ya kira daga Kano.

"'Yata, ya sha'irin namu? Na gaya wa mutane da hannuna na shafa shi."

Sai ta ga ta durƙusa a gaban buhunan, waya a kunne.

"Lafiya lau, Baba. Mun gode."