Layi na Takwas

Sau biyu hukumar tsofaffin sojoji tana watsi da buƙatar Wendell Tackett ta a biya shi haƙƙin nakasa a kan idonsa na dama. Dalilinsu ɗaya ne: duk takardunsa na soja sun nuna ido garau. Kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da ya fi ƙona wa matarsa Marlene rai ke nan.

A yaƙin hamada ne ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido. Ya san in likita ya gane, gida za a koro shi ya bar abokansa a fagen daga. Sai ya haddace haruffan allon gwajin ido tsaf, daga ƙaton na sama har layi na takwas. Shekara goma sha ɗaya yana rattabo su ana buga masa hatimi, yana ganin ya yi wayo.

Yanzu ga shi ya ajiye tuƙi, ko kofi zai zuba sai rabi ya tafi kan tebur. Da suka ɗaukaka ƙara, Marlene ce ta matsa masa lamba ya faɗi gaskiya. A gaban alƙaliya ya rufe idanunsa biyu, ya karanto allon da ka, kunya kamar ya nutse. Alƙaliyar ta ce wannan ya nuna ƙwaƙwalwarsa ƙalau take, amma batun ido sai an sake gwaji. In gwajin ya nuna lalacewa, za ta sake duba maganar.

Wata goma sha huɗu suka yi suna jiran ranar. A mota, tun daga ƙauyensu da ke jihar Kentucky har asibiti, Marlene ba ta huta ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Wendell. Abin da ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba. Ba faretin soja za ka ba."

Ya ce ya ji, ai shi ba yaro ba ne.

Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta zaunar da shi, ta rufe masa idon hagu. Allon nan dai ne, bai canja ba. Shi kuwa ban da hazo-hazo ba abin da yake gani. Ya ƙura wa allon ido yana ta ƙifce-ƙifce.

"Ba komai, Baba," in ji ta cikin tausayi. "In ba za ka iya ba, kada ka wahalar da kanka."

Ba wanda ya taɓa ce wa Wendell Tackett ba zai iya ba ya ƙyale. Ya miƙe ƙirji, bakinsa ya kama aiki, har layi na takwas bai yi tuntuɓe ba.

Ma'aikaciyar ta yaba masa, ta rubuta a takarda. Marlene ta ɗauki jakarta ta fice. Ya tashi zai bi ta, kafaɗarsa ta dama ta bugi bakin ƙofa.