Dashen Baba Choji

Surukina, Baba Choji, ya zo mana Laurel, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, a 1984 don jinyar ƙoda, amma ko wata bai yi ba ya ce shi fa Jos zai koma. Likita ya ce in ya bar magani ba zai ga baɗi ba. Ni nas ce, na san ba barazana ba ce. Mijina Chuwang ya yi lallashi har ya gaji, tsohon nan ko a jikinsa. Akwatinsa na nan bayan ƙofa, ɗaure tamau da igiya.

"Maman Edna," ya ce mini, "gidan da ba bishiya, ina mutum zai zauna a gaishe shi? Kun ajiye ni a ɗaki kamar buhun acca."

Sai na kai shi wurin masu sayar da dashe. Shuke-shuke masu furanni ko kallo ba su ishe shi ba. Ya tsaya kan wata siririyar bishiya mai bawo sumul, ruwan toka. Aka ce bic sunanta, 'yar ƙasar nan ce, in ta girma inuwarta sai ta rufe tsakar gida. Da hannunsa ya dasa ta, ya hana mu taɓawa.

Da sanyi ya shigo, ganyenta ya bushe ƙamas, kuma ya ƙi zuba. A wurin Baba, rani ne ya zo, kuma dashe a rani ruwa yake so. Kullum da safe sai ya ɗumama ruwa, a tukunyar miyata fa, ya je ya kwarara mata. Ruwan ya daskare har bakin hanya. Ranar da santsi ya kwashe ni da fararen kayan aikina, na tashi zan zazzaga masifa, sai na gan shi yana naɗe bishiyar da bargonsa. Na fasa. Ina son tsohon nan, duk da taurin kansa.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta ce barci kawai take yi, haka ƙananansu ke riƙe busasshen ganye. Baba ya girgiza kai.

"In 'yar ƙasa ta kasa, ni baƙo fa? In Ista ta wuce ba ta tsiro ba, ku sallame ni."

Ista ta zo ta wuce, shiru. Chuwang ya yanko tikiti yana share hawaye. Ni kuwa tsoro ya hana ni cin abinci.

Ana cikin haka, wata safiya Baba ya kira ni waje. Tsohon ganyen ya zube, ga sababbi shar, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ya sa na tambayi maƙwabciya yaushe za a zauna a inuwar bishiyar.

"Wai sai nan da shekara arba'in, Baba," na faɗa masa.

Ya daɗe yana kallonta, iska na kaɗa ta.

"Ashe jaririya ce. Ke da mijinki kuwa ko barkono ba ku iya raino ba."

Ya shiga ciki, ya kwance igiyar akwatinsa, ya fito ya kafa turke, ya ɗaure ta da ita.