Salatif a Kan Makunni

A ina taimako yake ƙarewa, raini ya fara? Wannan ban sani ba. Auta ma bai tsaya tambayar kansa ba a ranar da ya zauna a shagonsa na gyaran kayan lantarki yana hararar kwamfuta. Kwana huɗu ke nan a jere, da ƙarfe sha ɗaya na safe fitilar ɗakin Baba take ɓacewa daga allon, sai wajen ɗaya saura ta dawo.

Wata uku da suka wuce ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Tun da safe Yaya, yayar Auta, take tafiya makarantar da take koyarwa, tsohon ya zauna shi kaɗai har azahar. Don haka Auta ya haɗa gidan da kwamfutarsa: fitilu, fanka, rediyo. Daga shago yake kunna masa fanka in zafi ya taso, ya sa masa labarai a kan lokaci, ya bar fitilar ɗakin tana ci saboda tagar ƙarama ce. Sharaɗin ɗaya ne: makunnan bango su zauna a kunne, don da zarar an kashe ɗaya da hannu, kwamfuta ta daina ganin fitilar. Sai ya bi su duka ya liƙe da salatif.

Ya canza ƙwan fitilar, ya duba waya, bai ga komai ba. Ya kira Yaya.

"Ke kike taɓa makunnin ɗakin Baba?"

"Ni da nake aji? Tambayi aljanun da ka zuba mana a bango." Ta ja tsaki. "Likita ya ce ya riƙa takawa, kai kuma ka ajiye shi kamar tukunyar fulawa."

"Sandar da kika sayo masa fa? Ba cewa ya yi ki kai wa maƙiyinsa ba? In ya faɗi, ke za ki ɗaga shi daga aji?"

Washegari ya rufe shago da ƙarfe goma da rabi, kwamfutar a jaka. Ya rantse yau sai ya kama abin da idonsa. Da ya isa gida, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin Baba, ya laɓe a bayan labule.

Baba yana tsaye.

Hannunsa na dama ya damƙe bayan kujera. Ya ja ƙafar hagu, ta biyo shi kamar buhun yashi. Daga kujera ya kama teburin tsohon kekensa na ɗinki, ya tsaya yana haki, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Jikin Auta ya yunƙura zai shiga, ya danne kansa. Taki tara ya ƙirga. Baba ya jingina da bango, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya manna shi a gefen rigarsa don ya mayar daga baya. Ƙas! Ɗakin ya yi duhu-duhu. Tsohon ya yi wata 'yar dariya da Auta bai ji irinta ba tun kafin asibiti.

"Baba."

Bai ko razana ba. "Au, ɗan sandan fitila ya iso."

"Da ka faɗi fa?"

"Da na tashi. Shekara arba'in ina kashe fitilar gidan nan da hannuna. Yanzu sai ta nemi izinin autana kafin ta mutu? Rana tsaka kana ƙona wuta kamar gidan biki."

Auta ya riƙe shi ya mai da shi kujera. Ya daɗe yana kallon hanyar da tsohon ya bi, kujera, tebur, bango. Tsoron faɗuwar yana nan a ƙirjinsa, bai ragu ba. Duk da haka ya fita barandar, ya ɓare salatif ɗin makunnin da ke can ƙarshe, kusa da ƙofar kicin. Ya dawo ya buɗe kwamfuta a kan gwiwarsa, ya latsa. Fitilar baranda ta kama, tana ci a banza cikin hasken rana.

Baba ya leƙa ta ƙofa. "Wannan ai ɓarna ce."

"Ɓarna ce kuwa, Baba."

"Kashe ta."

"Kwamfutar ta ƙi."

"Maƙaryaci. Tun kana yaro kunnenka ke motsi in ka yi ƙarya."

Auta ya rufe kwamfutar. Baba ya auna barandar da ido. Ta kai taki ashirin, kuma babu kujera, babu tebur, babu abin kamawa sai bango mai santsi. Ya dubi fitilar, ya dubi ɗansa, ya furzar da iska.

"Kai," ya ce, yana nuna bayan ƙofa da haɓa. "Miƙo min sandar banzan nan."