Takardar Jikin Firji

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko magana da ƙyar take fita daga bakina, balle rubutu. Amma abin ya hana ni sukuni.

A wurin Yayata nake zaune. Tela ce, falonmu ne shagonta, ni kuma girki da cefane. Tun haihuwarta ta biyu jikinta ya buɗe, gwiwa ta fara damunta. Cikin shekara guda tsarin rage ƙiba uku ta gwada. Na farko takarda ce da wata nas maƙwabciyarmu ta ba ta kyauta, muka manna a jikin firji, ta bi kwana huɗu ta watsar. Na biyu a waya yake, ana biya duk wata, shi ma bai yi nisa ba. Na uku na wata mata ne da ake kira Koci. Ya zo cikin ambulan mai ruwan zinariya, da shayi da kofin awo, kuɗinsa ya kai hayar wata biyu.

Ranar da aka kawo shi jariri na ta kuka. Na zaro shayin da kofin, na jefa ambulan saman kabad.

"Auta, daga gobe abin da ke takarda za ki dafa min," in ji Yaya.

Ni a wurina takarda ita ce ta jikin firji. Ita na bi. Ƙwai da safe, kifi ko wake da ganye da rana, shinkafa rabin kofi, ba sukari, mai cokali ɗaya. Yaya kuwa, da yake aljihunta ya ji jiki, ko lomar burodi ba ta ƙara ba. Kullum da yamma sai ta zaga unguwa da ƙafa.

Bayan sati uku ta ɗaura tef a ƙugu, ta kira ni in gani.

"Inci biyu, Auta. Abu mai tsada daban ne."

Sai Koci ta ce mataki na biyu wata uku ne, kuma a biya gaba ɗaya. Yaya ta yanke shawarar sayar da kekenta na aikin ado, wanda shi ke kawo mana rabin abincin gidan. Mai gyaran keke da zai saya ya ce zai zo ɗauka ranar Alhamis da safe.

Ranar Laraba da rana ina kakkaɓe saman kabad, ambulan ya faɗo. Takardar Koci na ciki, ko ninkinta ba a buɗe ba. Na kai ta kicin, na jera ta da ta firji, ina bi da yatsa layi-layi. Ƙwai, ganye, kifi, rabin kofi. Ba sukari, a yi tafiya. Na tuna na waya ma haka yake cewa, sai dai shi da maki yake ƙirgawa. Bambancin ta Koci, hotuna masu kala da shayi.

Na kasa zama. Na wanke tukunyar da na riga na wanke, na share tsakar ɗaki sau biyu. In na faɗa, ta san na yi sakaci da kuɗinta sati uku. In na yi shiru, keke ya tafi.

Na je na tsaya a bakin falo. Tana goge keken da tsumma, tana ɗiga masa mai.

"Yaya."

"Na'am."

"Wannan shayin, shi ke rage ƙibar?"

"Oho. Ni dai zawo yake sa ni. Me ya faru kike tsaye kamar an dasa ki?"

"Ba komai."

"Ke kullum ba komai. Ranar da gobara ta kama gidan nan ma ba komai za ki ce. Wake na ƙonewa."

Da gaske yana ƙonewa. Na koma kicin, na zuba ruwa, na sake ɗauko takardun ko zan ga wani bambanci da zai cece ni. Ban gani ba.

Washegari na riga ta fitowa. Na ciro takardar firji, duk ta yi ɗigon mai, na shimfiɗa ta a kan keken ado, na ajiye ta Koci sabuwa fil a gefenta. Na ja kujerar keken na zauna. Mai gyara ya ƙwanƙwasa ƙofa daidai lokacin da Yaya ta fito da jariri a kafaɗa.

Na ce masa ya ɗan jira a waje. Sannan na ɗaga mai ɗigon man na ce, "Yaya, wannan kika ci sati uku."