Zomon Mabheleni

Shekara tara ke nan Nokhwezi Magadla tana haɗa kacici-kacicin cike gidaje na ƙaramar jaridar gundumarsu, tun da ta ajiye aikin koyarwa. Kowace Alhamis yake fitowa a shafin ƙarshe, kusa da sanarwar jana'iza, kuma daga direbobin tasha har limaman coci kowa sai ya lanƙwasa shafin ya nemi fensir. Mace ce mai tsantseni da kalma. Sau uku editan yana roƙonta ta riƙa sa kalmomin wasan kurket, tunda duk ƙauyukan nan babu abin da ake yi a watan Disamba sai shi, tana ƙi.

"Wace irin magana ce a ce mutum yana tsaye a gajeriyar ƙafa?" ta ce masa. "Ko an buga ƙwallo kusurwar shanu? Ba a shafina ba."

Yayanta Mzoxolo kuwa, kafinta ne, shekara arba'in yana buga wa ƙungiyar ƙauyensu ta Mabheleni. Ita ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma ta san a fili Zomo suke kiransa, domin shi da kansa ya gaya musu tun mahaifiyarsu na da rai, ya ce saboda tsananin gudunsa ne. Da zai cika sittin da biyar sai ta ga babu kyautar da ta fi ta karya dokarta sau ɗaya dominsa. Ta rubuta tambaya ta bakwai: "Mzoxolo na Mabheleni, in ya shiga fili." Amsar, zomo. Har murmushi take yi lokacin da ta kai takardar ofis.

Ranar Juma'a da safe matar Mzoxolo, Nolitha, ta shigo ba ta ko zauna ba.

"Sisi, 'yar'uwa, me yayanki ya yi miki?"

"Me ya faru? Bai ji daɗi ba?"

"Daɗi? Tun jiya bai je shago ba. Mutum uku sun aiko masa da karas. Kin kuwa san wa suke ce wa zomo a wasan nan? Wanda bai iya bugu ba sam, wanda ake ajiyewa ƙarshe don an rasa yadda za a yi da shi."

Nokhwezi ta ajiye kofin shayinta. Ta ɗauko babban ƙamus ɗinta, ta buɗe, ta bi da yatsa har ma'ana ta huɗu. Ga shi nan kuwa baƙi a kan fari. Ita da take gyara wa mutane magana a coci, ba ta duba ba.

Ta tarar da shi a bayan gida yana goge wata kujera da ta riga ta yi santsi. Bai ɗago ba.

"Bhuti, yayana, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Ai ni na gaya muku."

"To me ya sa ka ce gudu ne?"

Ya busa ƙurar katako. "Mama ce ta ji ana kirana a kasuwa, ta tambaye ni. Kin tuna fuskarta? Da wane bakin zan ce mata ɗanki ne kurar baya? Na ce gudu. Ta je ta gaya wa duk matan cocinsu. Daga nan kuma ina zan gyara?" Ya ci gaba da gugar kujerar, ya ce, "A fili ba ya damuna, mu ya mu ne. Amma jarida, Khwezi. Har surukaina na garin Komani sun cike."

Ta ce za ta sa a buga neman afuwa. Ya ce ta rufa masa asiri, kada a maimaita.

Washegari Asabar 'yan Mabheleni suna da wasa da ƙauyen ƙetaren kogi, wanda ya ci ya tafi da tunkiya. Nokhwezi ta ɗauki lema da kujerar roba ta tafi, ba tare da ta san me za ta yi a can ba. Ta zauna kusa da wani tsoho mai rubuta maki, Tata Gqirana, wato Baba Gqirana, wanda ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama ce da kanta? Ni na fara cike ta bakwai, ko tunani ban yi ba."

Ta buɗe lemarta ta gyara zama. Shi kuwa bakinsa bai huta ba. Ya nuna mata kusurwar shanu, can inda babu gwanin da ke aika ƙwallo da gangan. Ya nuna mata wani mai tsaro da ya durƙusa dab da mai bugu, ya ce wurin wawa ake kiran nan, domin mai hankali ba ya tsayawa. Wanda aka fitar bai ci ko ɗaya ba, ya yi agwagwa.

"Yayanki yana da agwagi sun fi ɗari a littafin nan," ya ce. "Amma filin da kike gani shi ke yanke ciyawarsa. Sandunan can uku da mai bugu ke karewa shi ya sassaƙa su. Shekarar da muka rage mu bakwai, shi ya bi gida gida yana neman 'yan wasa."

Da la'asar Mabheleni na neman maki uku, an fitar da duk masu bugunsu sai mutum ɗaya. Mzoxolo ya taso yana ɗaure kariyar ƙafa, 'yan ƙetare suka ɗauki ihu, "Ta bakwai! Ga ta bakwai nan!" Nokhwezi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ya ɗaga musu hula.

Ƙwallo ta farko ta wuce shi bai gan ta ba. Ta biyu ta same shi a cinya, har Nokhwezi ta jiyo ƙarar, bai ko shafa wurin ba. Ta uku ya tare ta da katakon bugu ta faɗi gabansa, mutanen Mabheleni suka yi tafi kamar ya ci wasan. Nokhwezi ta tsinci kanta a tsaye tana kiran sunansa. Ta huɗu ta tumɓuke sandar tsakiya, aka fitar da shi.

Tata Gqirana ya zana ɗan sifili a littafi, ya rufe.

'Yan ƙetare suka yanka tunkiyarsu a nan bakin fili, kowa ya ci. Mzoxolo ya zo yana ɗingishi da faranti biyu na nama da dafaffiyar masara da wake, ya miƙa mata ɗaya, ya zauna a ciyawa.

"Na ji muryarki," ya ce. "Ashe kin iya ihu."

"Cinyar fa?"

"Gobe za ta yi baƙi." Ya tauna nama. "Kin san akwai wanda ya fi zomo lalacewa? Wanda ake turawa bayan zomo. Shi ma da sunansa, wata dabba ce mai bin zomaye rami. Gqirana ne namu kafin gwiwa ta kayar da shi."

"Ƙarya yake yi!" tsohon ya ce daga kujerarsa. "Na taɓa cin maki tara!"

"A shekara ɗaya, Tata, ba a wasa ɗaya ba."

Nokhwezi ta yi dariya har ta ƙware. Da suka tashi ta karɓi jakar kayan wasansa ta rataya, ya dafa kafaɗarta, suka bi hanyar wurin wankan shanu a hankali saboda ƙafar.