Bindigar Bahagwai

Majvor mai shagon bindigogi ta yanke tef ɗin kwali na shida, ta tura shi gefe. "To bahagwai, ga kayanku sun iso. Kowa ya miƙo lasisinsa in duba lamba."

Sixten na tsaye bakin ƙofa, hula a hannu. Shi ne ya haɗa wannan saye. Kamfanin da ke Finland ya ce ba zai ƙera bindigar 'yan hagu ba sai an nemi shida a tare, shi kuwa ya bi ƙungiyoyin mafarauta na yankinsu na Värmland ɗaya bayan ɗaya har ya tono bahagwai biyar, da shi shida. Wata tara yana fama da waya da takardun ƙetare iyaka, kamar wanda aka ɗora wa aikin gwamnati.

Ga bindigogin nan yau a kan kantar shagon, amma ko ɗigon murna bai ji ba. Baƙin cikin ma bai zo ba. Wasiƙar 'yan sanda na aljihunsa tun Talata: likitan da ya gano masa ciwon mantuwa ya sanar da su, kamar yadda doka ta ɗora masa, don haka babu sabon lasisi, tsofaffin ma za a karɓe. Bai gaya wa kowa ba. Wanda ba shi da bindiga kuwa, ba shi da wurin tsayawa a farautar kaka.

Birger, abokin farautarsa tun suna samari, ya ɗaga tasa yana shafa ta. "Kai, dubi kyau! Matata ma ban taɓa ɗaukarta da wannan ladabi ba."

"Ai shi ya sa ta gudu," in ji Gunvor, mace ɗaya tilo a cikinsu. Aka kwashe da dariya.

Ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu. Kwali biyar suka tashi, ɗaya ya rage.

"Sarkin bahagwai, ina takardarka?" in ji Birger.

"Ba ta fito ba tukuna."

"Au! Kai da ka hana mu sakat da cike-cike, kai ne na baya?"

Majvor ta ɗan dubi Sixten ta saman tabarau, sannan ta ciro bindigar ta miƙa masa. "A cikin shago ba laifi. Gwada ta mana, babu harsashi."

Ya kai ta kafaɗar hagu. Ta zauna daram, kuncinsa ya sami wurinsa ba tare da ya lanƙwasa wuya ba. Gunvor ta ce ya ɗana ta su gani. Sai hannunsa na hagu ya tsallaka ta saman bindigar zuwa dama, yana laluben mariƙin da ake ja a ɗana ta. Babu komai a wurin. Ya sake lalubawa. Mariƙin na ɓangaren hagu, dab da babban yatsansa.

Birger ya yi dariya har da dukan kantar shagon. "Shekara arba'in da bindigar 'yan dama! Wallahi ta lalata ka, tsoho."

Wataƙila sabo da tsohuwar bindigarsa ne, haka kowa ya ɗauka. Sixten ya tsaya yana kallon hannun nasa, ya rasa sanin ko sabon ne ko kuwa ciwon mantuwar ne ya fara. Kuma ya gane daga yau ba zai ƙara sani ba.

Ya mayar da bindigar cikin kwalinta, ya rufe a hankali.

"Majvor," ya ce, "ki nemo mata wani bahagon."

Birger ya buɗe baki zai ƙara wata tsokanar, sai Gunvor ta riƙe masa hannu.