Gyaɗar Halliru

Mahaifina, Halliru, ya zubar da gyaɗarsa a kogi shekarar da Turawa suka ƙara haraji. Ban gani ba, ina goye a lokacin. Amma na ga bayansa. Har ya rasu shatin bulala bai ɓace ba.

Turawa ba sa karɓar haraji da gero ko dawa, sai da kuɗinsu. Kuɗinsu kuwa ba ya samuwa sai an sayar wa kamfaninsu gyaɗa a farashin da suka yanka. A shekarar aka ƙara haraji, aka kuma karya kuɗin gyaɗa. Manoman ƙauyenmu suka yi shawara kowa ya zubar da tasa. Ranar da aka sa, shi kaɗai ya isa bakin kogi da jakunansa. Ya jira har rana ta take, ba wanda ya zo. Ya kwance buhunan ya zazzage. Aka ɗaure shi a ƙofar gidan dagaci aka yi masa bulala, aka ƙwace gonarsa aka ba wani. A nan ya rantse cewa jininsa ba zai shuka gyaɗa ba, ba zai ci ba, sai an maido gonar. Ba a maido ba. Yanzu gidan mai ne a wurin.

Sunana Na'Allah. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji ya maimaita rantsuwar da bakinsa. Ban san ɗanɗanon ƙuli-ƙuli ba. Mai tsire idan na wuce shi, nakan kau da kai. Marigayiya matata da man shanu da manja ta yi mana girki har ta koma ga Allah. A kan haka na reni 'ya'yana.

'Yata Hasanatu ce ta kawo ni Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar da take zaune, don a cire mini yanar ido. Karatu take yi a nan, ita da mijinta Abdulbaƙi. Suna zaune a unguwar Taman Melati, can saman wani dogon bene. Ban saba kwana a sama ba. Da safe nakan zauna a bakin taga in kalli jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada. Bayan azahar ruwa ya sauko. Gari ne da ba su iya abinci ba sai da gyaɗa, har kan shinkafar safe suke barbaɗa ta. Hasanatu ta ware mini tukunya. Na ɗauka tukunyar gidan ce duka.

Suna da 'ya ɗaya, Zuhra, ta fara zama budurwa. Tana ƙarama suka zo da ita, Hausarta duk ta gauraye. Wata rana ta dawo daga makaranta ta zauna a gabana.

"Tsoho, ba ni labarin babanka."

"Sai kin biya. Labarin manya ba a ba da shi kyauta."

"Kai da kake cin abincinmu kana kwana a ɗakina? Ba ni mana, na makaranta ne."

Ta ce ana koya musu tarihin mutanen Amurka. Wai Ingila ta ɗora musu haraji a kan ganyen shayi, suka hau jiragen ruwa suka zubar da shi a teku, daga baya aka yi yaƙi suka sami ƙasarsu. Malamarsu ta ce kowa ya kawo irin wannan labari daga gida, ya faɗa a taron makaranta a gaban iyaye.

"Su nawa ne?" na tambaye ta.

"Da yawa. Sun ɓad da kama don kada a gane su."

"Babana shi kaɗai ne, fuskarsa a buɗe."

Na ba ta labarin. Ta saurara, ba ta taɓa wayarta ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar taron makarantar na sa babbar rigata. Ɗakin taron sanyi kamar randa. Zuhra ta hau dandamali ta yi magana da Turanci. Ban gane komai ba sai sunan Halliru. Aka yi tafi. Aka ce in miƙe, na miƙe, aka ƙara tafi. Wata malama ta zo ta rusuna ta gaishe ni. Tun da nake ban taɓa jin an ambaci sunan mahaifina a gaban jama'a ba.

Daga nan aka shigo da abinci. Na fi masu cin gyaɗa sanin ƙamshinta. Nama ne a tsinke, da miyar gyaɗa mai kauri a ƙananan kwanuka. Idon da aka yi mini aiki yana gani sarai. Na hango Zuhra cikin ƙawayenta, ta tsoma tsinke a miyar, ta kai baki, tana dariya. Ba ta waiga ba. Hannunta hannun wanda ya saba ne.

Muka hau jirgin ƙasa muka koma gida. Muna shiga, ruwa ya kece. Na cire rigar na ninke, na zauna a kan darduma, na kira Hasanatu.

"Tun yaushe?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta durƙusa daga gefe.

"Tun tana ƙaramar makaranta, Baba. A can ake ba su abinci. Na hana, na gaji."

"Ke fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma. Tun cikinta."

"Yayyenki?"

"Baba, kada ka sa in faɗi na wani."

Wato duka ke nan. Na duba cikina ko zan sami fushi, ban samu ba. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya yini yana gadin rumbu, da yamma ya leƙa ya ga ba komai a ciki.

Abdulbaƙi ya shigo ya zauna a ƙasa. Mutum ne mai ladabi, amma ba ya iya barin magana ta wuce shi.

"Baba, a yi haƙuri. Na tambayi malamai a masallacinmu. Sun ce rantsuwar uba ba ta hawa kan ɗa, balle jika."

"Na sani. An gaya mini haka tun ba a haife ka ba."

"To, ai ko mutanen Amurkan da aka yi zancensu yau, bayan an gama rikici sun koma shan shayinsu. Turawa sun tafi, Baba. An daɗe."

"Su sun sami ƙasa. Shi me ya samu?"



Zuhra tana tsaye a bakin ƙofa, har yanzu da kayan makaranta a jikinta.

"Kaka," ta ce. Ba ta ce Tsoho ba. "Na faɗi labarin da gaske. Ban yi don maki ba. Amma ni ban ga abin da gyaɗa ta yi ba. Ba ita ta dake shi ba."

"Ba ita ba ce."

"To?"

 Mutanen da suka yi wa mahaifina alkawari ba su zo ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne gidansa su tsaya tare da shi. Wannan ba ya faɗuwa da Hausar da ta iya.

Hasanatu ta matso. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, duk lomar da na kai baki sai na tuna da kai. Na gaji da ci a ɓoye, na gaji da wanke tukunya kafin ka farka. Kai kaɗai ka rage da ka ji daga bakinsa. Idan ka tafi ba ka ce komai ba, haka za mu zauna da abin a wuya. Ka ce ka sauke mana rantsuwar. Kalma ɗaya ce."

Na dube ta. Ta rame, ga karatu, ga jinyata. Ba ƙarya take yi ba, kalma ɗaya ce, kuma za ta sami barci. Na ɗan jima ina juya ta a bakina. Ruwa yana ta dukan taga.

"Ku ci," na ce. "Ba ni da ƙarfin hana kowa. Ki daina ware tukunya a ɓoye, ki dafa naku a gabana."

Ta ɗago kai da sauri. "Ka sauke ke nan, Baba?"

"A'a. Ba zan sauke ba."